Yadda ake wasa ƙugun dutsen kaboshon a kan madogari

Kaboshon shi ne dutsen adon da ake yi wa baya a shimfiɗe, fuska kuma mai doro sumul, irin wanda ake sakawa a zobe ko abin wuya. Tsakanin bayan da doron akwai wani siririn gefe da ya zagaye dutsen, shi ne ƙugu. Mai saye ba ya ganinsa, domin ƙarfe ke rufe shi, amma maƙeri da shi yake fara duba dutse. Maƙeri kan yi wa dutsen gida da siririyar katangar azurfa ko zinariya, ya zaunar da shi, sannan ya tura katangar ta kwanta a jikin ƙugu. Idan ƙugun a miƙe yake sak, katangar ba ta da abin kamawa, dutsen zai riƙa motsi har wata rana ya fita. Idan karkatarsa ta yi yawa, sai an matse katangar sosai kafin ta taɓa shi, ta yamutse ta yi tattara. Idan kuwa baya ya fi sama ƙanƙanta, dutsen ba zai zauna ba sam. Abin da ake nema shi ne ƙugu mai karkata zuwa ciki da digiri 10 zuwa 15, baya ya fi sama faɗi, kuma karkatar ta zama ɗaya a duk zagayen. Masu wannan aiki da yawa suna tsayawa a wajen digiri 12 da rabi.

Gwanin hannu yana iya fitar da wannan ba tare da wani tallafi ba. Sai dai wuyan hannu yana sauya tsayuwa duk lokacin da aka juya dutse, shi ya sa akan ga ƙugu mai digiri 8 a wani gefe, 18 a wani. Madogari ɗan tebur ne da ake kafawa a gaban tayar washi, a kwantar da dutse a kansa ana zamar da shi. Shi ke riƙe kusurwa, hannu kuma ya mai da hankali ga siffa kawai.

Kayan da ake buƙata

Injin kaboshon mai taya inci 6 ko 8, da ruwa mai zuba a kan tayar. Tayoyi biyu masu tauri ne ke aiki da madogari: mai kaushi lamba 80 ko 100, da mai lamba 220 wadda ta fi ta laushi. Sai allon siffa, wato farantin da aka huhhuda ramukan ƙwai da da'ira masu girma daban-daban, da tsinken alminiyom ko na tagulla na zana layi, domin layinsu ba ya wankewa da ruwa yadda tawada ke yi. A samu ma'aunin kauri mai baki biyu, da ƙaramar sukwaya, da ma'aunin kusurwa, da tabarau, da gutsattsarin dutse marasa amfani na gwaji.

Shi kansa madogarin, wasu injuna da nasu suke zuwa. Idan haɗawa za a yi, a yi shi da roba mai tauri, ko alminiyom, ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Katako yana shan ruwa ya kumbura, kusurwar da aka saita jiya ta zama wata yau. Faɗinsa ya kai faɗin bakin tayar ko ya ɗan fi, tsawonsa daga taya zuwa wajen mai aiki milimita 60 zuwa 80, samansa ya zama sumul. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne kada ya motsa. A ɗaure shi da kusa mai zare a jikin injin, ko a yi masa gindi mai nauyi da zai zauna daram a cikin tiren ruwa. Madogarin da ke rawa ya fi rashinsa muni, domin yana sa mai aiki ya saki jiki alhali kusurwa tana ta sauyawa.

Inda kusurwar take fitowa

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, don haka a tsaya a fahimce shi sosai. Bakin taya ba bango ba ne miƙaƙƙe, a lanƙwashe yake. A daidai tsayin cibiyarta ne kawai fuskar tayar ke tsaye sak. Daga nan zuwa sama tana janyewa baya, zuwa ƙasa ma tana janyewa baya. Saboda haka idan tebur yana kwance daidai, dutse kuma yana taɓa taya a tsayin cibiya, gefen zai fito a miƙe, digiri sifili. Aka saukar da teburin ƙasa da cibiya, saman dutsen ne zai fara taɓa taya, shi za a fi ci, sai sama ya fi ƙanƙanta. Aka ɗaga shi sama da cibiya, ƙasan dutsen ne zai fi cinyewa.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki rabin faɗin tayar, wato daga cibiya zuwa baki, a ninka da 0.17 don digiri 10, da 0.22 don digiri 12 da rabi, da 0.26 don digiri 15. Amsar ita ce tazarar da za ta kasance tsakanin tsayin cibiya da inda ƙugu ke taɓa taya. Taya mai inci 6 rabin faɗinta milimita 76 ne, don haka tazarar ta zama kusan milimita 13, ko 16 da rabi, ko 20. Mai inci 8 rabinta kusan milimita 102, tazarar ta zama 18, ko 22, ko 26. A ƙaramar tayar, kowane milimita ɗaya na sama ko ƙasa yana sauya kusurwa da kusan kashi uku cikin huɗu na digiri. Wannan ya nuna cewa saita madogari da ido kawai ba ya wadatarwa.

A lura da wani abu: tazarar ana auna ta ne zuwa tsakiyar inda ƙugu zai kasance, ba zuwa saman tebur ba. A ce fallen dutsen, wato shimfiɗaɗɗen yankan da za a fitar da kaboshon daga ciki, kaurinsa milimita 6, ƙugun kuma zai ɗauki milimita 3 na ɓangaren baya. Idan baya yana ƙasa, tsakiyar ƙugu tana milimita ɗaya da rabi a bisa tebur, don haka a taya mai inci 6 teburin zai sauka milimita 18 ƙasa da cibiya. Idan baya yana sama, tsakiyar ƙugu tana milimita 4 da rabi a bisa tebur, sai teburin ya tsaya milimita 12 sama da cibiya.

Akwai hanya ta biyu: a bar wurin taɓawa a tsayin cibiya, a karkata teburin kansa. Karkatar digiri 12 da rabi tana nufin hawan milimita 22 a kowane milimita 100. Idan baya yana sama, ƙarshen teburin da ke wajen taya shi ake ɗagawa. Idan baya yana ƙasa, shi ake saukarwa. Wannan hanya ta fi dacewa da injin da murfinsa ko bututun ruwansa ke hana aiki a saman cibiya. Duk wadda aka bi, ƙa'idar ɗaya ce: kusurwar ƙugu ita ce bambancin da ke tsakanin shimfiɗar tebur da layin da ya taso daga wurin taɓawa zuwa cibiyar taya.

Mai amfani da tayar daimon da aka liƙa a jikin ƙarfe ya huta, domin faɗinta ba ya raguwa, saiti ɗaya zai daɗe. Tayar silikon kabayid kuwa cinyewa take yi. Mai inci 8 da ta koma inci 7, tazarar milimita 22 da ta ba da digiri 12 da rabi za ta koma ba da sama da 14, ratar da ke tsakaninta da tebur ma ta buɗe. Duk lokacin da aka gyara fuskarta sai a sake saiti.

Baya sama ko baya ƙasa

Duka biyun ana yi, amma kifa dutsen, fuska a kan tebur baya yana kallon sama, shi ya fi. Na farko, girman kaboshon a baya ake auna shi, a nan ake zana layi, kuma kana ganin layin yayin da kake wasawa. Na biyu ya shafi ɓantarewa. Gaban taya ƙasa yake yi, kuma dutse yana ɓantarewa ne a gefen da tayar ke fita, inda babu abin da ya tokare shi. Idan fuska ce a ƙasa, duk giɓin da ya fita a gefen fuska yake, wanda dama za a cinye shi wajen yin doro. Idan baya ne a ƙasa, giɓin zai faɗa kan gefen baya, gefen da ake so ya fito cif. Na uku, lakar dutse da ke taruwa a kan tebur tana ƙarje duk abin da aka zamar a kanta, gara ta ƙarji fuskar da za a zubar. Kuma idan an riga an liƙa sandar riƙo a baya, wato ɗan sandan da ake manna wa dutse da kaki, ana iya riƙe dutsen da ita yana kife.

Wurin da baya ƙasa ya fi shi ne idan fuskar fallen ba a shimfiɗe take ba, ko fallen ya fi kauri a gefe ɗaya. Madogari yana bin fuskar da ta kwanta a kansa ne. Fallen da ya bambanta da milimita ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan a tsawon milimita 40, idan aka kife shi, zai ba da ƙarin kusan digiri ɗaya da rabi a gefe ɗaya, ragin haka a ɗayan. A irin wannan a kwantar da baya, a manna masa tef don kada ya ƙarje, kuma a fara kashe kaifin gefen ƙasa kafin a shiga wasawa. Sannan a tuna: idan a fuska aka zana layi aka wasa har kansa, baya zai fito da girma fiye da layin. A falle mai milimita 6 ƙarin ya kai milimita 1.3 a kowane gefe, wato sama da milimita 2 da rabi a faɗi. Dutsen da aka yi niyyar ya zama milimita 18 da 25 zai fito kusan 21 da 28, ba gidan da zai shiga.

Kafa madogari

A kashe inji a cire filogi. A nemo tsayin cibiyar taya daga gindin tire da ma'auni, a yi alama a wani wuri da ba ya motsi. A kafa teburin bisa lissafin da ya gabata. Ratar da ke tsakanin bakin tebur da taya kada ta wuce milimita 1 zuwa 2, kuma ko yaya kada ta kai milimita 3. Ƙasa da cibiya taya tana jan abu ne zuwa cikin ratar, ƙaramin dutse yana iya maƙalewa ya fashe ko ya tafi da fatar yatsa. Sama da cibiya turo dutsen take yi zuwa wajenka, wannan ya fi sauƙin sha'ani, amma a riƙe da kyau. A juya tayar da hannu zagaye guda a tabbatar ba ta gogar tebur a ko'ina. A duba kuma teburin bai karkata hagu ko dama ba, in ba haka ba kusurwa za ta sauya yayin da ake tafiya a faɗin bakin tayar.

Daga nan sai gwaji. A ɗauki guntun falle mai kaurin wanda za a yi aiki da shi, a wasa gefe ɗaya har ya ci duk kaurin. A kwantar da shi baya ƙasa a kan gilashi, a jingina masa sukwaya. A falle mai milimita 6 ya kamata sukwayar ta taɓa ƙasa, a sama kuma a ga rata ta kusan milimita 1.3. Idan ratar a ƙasa take, an saita abin a juye. Wannan gwaji na minti biyu ya fi kowane lissafi, domin yana kama kuskuren da ma'auni bai gani ba. Idan tayar 80 da ta 220 incinsu ɗaya ne a kan sanda ɗaya, saiti ɗaya ya ishe su, matsar da madogarin kawai za a yi.

Shirya dutsen

A zaɓi fuska, a duba tsagu a cikin haske dutsen yana jiƙe, sannan a sake dubawa yana bushewa, domin tsaga tana riƙe ruwa bayan sauran jikin ya bushe, ta fito kamar baƙin zare. Kada tsaga ta ratsa inda ƙugu zai bi. A zana siffa a baya. Idan siffar ba ta da daidaiton hagu da dama, a kifa allon siffa kafin a zana, in ba haka ba za ta fito a juye. Ga siffar ƙwai, a ƙara layi biyu masu gicciye, na tsawo da na faɗi, su ne za su nuna idan wani ɓari ya fi wani cinyewa. A yanke ragowar da zarto a bar milimita 2 a wajen layi.

Zarto yakan bar ɗan ƙullutu a inda falle ya ɓalle daga uwarsa. A share shi tukuna. Ƙullutun da bai kai rabin milimita ba ya isa ya sa dutse ya riƙa rausaya a kan tebur. A wanke man zarto da sabulu, domin mai yana hana tsinke kamawa, yana kuma hana kaki liƙewa daga baya.

Wasawa

A kunna ruwa da inji, a bari fuskar taya ta jiƙe gaba ɗaya. A jiƙa tebur. A kwantar da dutsen, yatsun hannu biyu suna danna shi ƙasa, manyan yatsu suna tura shi gaba. Dannawa ƙasa ta fi turawa gaba muhimmanci: da zarar ƙarshen dutsen da ke wajenka ya ɗaga, ko da kaurin farce ne, kusurwa ta tafi.

A tayar 80 a fara da ƙahonnin da zarto ya bari. A ci su ɗaya bayan ɗaya har siffar ta kusa layi, sannan a koma juyawa. Juyawar ita ce aikin: dutse ya riƙa tafiya ba tsayawa, a yi dogon ja daga wani wuri zuwa wani, ja na gaba ya faro daga cikin na baya. Duk inda aka tsaya, taya za ta bar wuri a baje, kuma gyaransa sai an rage duk zagayen. A riƙa juya dutsen ta yadda layin da ke gabanka zai fuskanci taya kai tsaye, a kuma riƙa yawo da shi daga wannan gefen tayar zuwa wancan don kada tsakiyarta kaɗai ta cinye.

Ƙarshen ƙwai da tsinin siffar ɗigon ruwa suna cinyewa da sauri fiye da dogayen gefuna, saboda wurin da ke taɓa taya ƙarami ne, duk ƙarfin hannu ya taru a kansa. A sassauta hannu a ƙara saurin juyawa idan an zo nan. A siffa mai tsini, a wasa gefuna biyun kowanne zuwa tsinin, kada a zagaye tsinin da dutse a manne da taya. A tsaya da tayar 80 saura milimita ɗaya a kai layi. Tana barin ƙananan giɓi da tsagu masu zurfi a gefe, kuma wannan milimita ɗayan nasu ne.

A wanke tebur da dutse, a koma tayar 220. Yanzu hannu ya yi sauƙi sosai. A rage har a taɓa wajen layin, layin kansa ya rage. Dalili shi ne tsinke yana zana layi daga cikin ramin allo, don haka layin ya ɗan fi ramin ƙanƙanta. Wanda ya cinye layin ya riga ya rage dutsen fiye da kima. A riƙa gwada shi a ramin allo, fuska ta fara shiga. A wannan mataki ya kamata ya shige har gefen baya ya ɗan maƙale daidai a ko'ina. A ɗaga shi sama a duba ta haske: inda haske ya ɓullo an ci da yawa, inda ya toshe akwai saura, a yi wa wurin alama a koma. A bar kusan kashi biyu cikin goma na milimita, tayoyin laushi za su ɗauke shi. Wannan yana da muhimmanci ga duwatsun da za su shiga gidajen da aka ƙera tun farko a girma sanannu, irin milimita 8 da 10, 13 da 18, 18 da 25, 30 da 40. Dutse mai siffar ganin dama, wanda maƙeri zai ƙera masa gida a jikinsa, ba ya buƙatar wannan tsanani a girma, amma kusurwarsa tana buƙata.

Hanya mai sauƙi ta gane ko an bi ko'ina ita ce a shafe gefen duka da baƙar maka kafin zagayen ƙarshe. Zagaye ɗaya mai sauƙi ya kamata ya share tawadar daga sama har ƙasa. Idan ta rage a sama a wani wuri, a ƙasa a wani, dutsen yana ɗagawa ko teburin yana motsi.

Siffa mai lotsawa ciki, kamar tsagar zuciya ko cikin jinjirin wata, madogari ba ya taimaka mata sosai, domin faffaɗar fuskar taya ba ta shiga wurin. Ana yin wannan da ƙaramar taya ko da hannu, a kwaikwayi kusurwar sauran gefen.

Kashe kaifin baya da layin ƙugu

Gefen baya yanzu kaifi ne da shi, kuma shi ne wuri mafi rauni a dutsen. A cire shi daga tebur, a riƙe da hannu a karkace digiri 45, a bi zagayen a tayar 220 da hannu mai sauƙi, a fitar da siririn zare mai faɗin rabin milimita. Amfaninsa biyu: yana hana ɓantarewa lokacin da maƙeri ke matsa katanga, kuma yana ba da wuri ga ɗan ƙarfen liƙi da ke taruwa a kusurwar cikin gida. Idan babu shi, dutsen zai hau kan liƙin ya zauna a karkace, matsi ya taru a wuri ɗaya ya tsage.

Sai a zana iyakar ƙugu. A kwantar da dutsen baya ƙasa, a ɗora tsinke a kwance a kan wani abu da zai ɗaga bakinsa zuwa tsayin da ake so, a juya dutsen a jikinsa. A falle mai milimita 6, ƙugu na milimita 2 zuwa 3 ya yi, wato kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin kauri. Ƙaramin dutsen zobe milimita ɗaya da rabi zuwa 2 ya ishe shi. Dutse mai faɗi sosai yana buƙatar kauri ya rage wa doro, in ba haka ba tsakiyar fuska za ta fito a baje ta ƙi ɗaukar sheƙi.

Daga nan aikin madogari ya ƙare, a ɗauke shi. A liƙa sandar riƙo, a yi doro da hannu, ana ci daga gefe zuwa tsakiya mataki-mataki, ba tare da an ƙetare layin ba. Mafi yawan ƙugun da ya lalace a nan yake lalacewa: ja ɗaya mai nauyi ya sauko ƙasa da layi, ƙugu ya zama siriri a wurin, katangar maƙeri ta fito da tudu da kwari. A tayar 80 a tsaya rabin milimita sama da layi, a ƙarasa a 220.

Kada a yi amfani da madogari a tayoyin laushi masu soso a ciki, irin lamba 280, 600, 1200 da 3000. Fuskarsu tana lotsawa, gefen dutsen da tebur ya tokare zai nutse ya yage ta. A bi ƙugu da hannu a kowace, zagaye ɗaya ko biyu, ana riƙe shi a shimfiɗe a jikin tayar. Dannawa da ƙarfi tana sa tayar ta naɗe gefen, kusurwar da aka sha wahala a kanta ta koma kumburi. Ƙugun da zai ɓuya a ƙarfe ya isa a tsaya da shi a 600 ko 1200. Wanda za a riƙe da ƙananan ƙafafun ƙarfe ko a naɗe da waya, ana ganinsa, sai a kai shi har sheƙi.

Idan abu ya ƙi

Ƙugu mai fuskoki da yawa kamar an sassaƙa shi yana nuna tsayawa wajen juyawa, ko laka ta bushe a tebur tana riƙe dutse; a ƙara ruwa a tebur a yi dogon ja a 220. Manyan giɓi suna fitowa daga sabuwar tayar 80 mai tsananin kaifi, ko ƙarfin hannu, ko taya mai tsalle saboda ba ta zauna daidai a sandarta ba. Sabuwar taya a fara hora ta da guntun dutse mai tauri irin agat. Farin gari a bakin taya ko ƙaurin ƙuna alamar ƙarancin ruwa ne, a tsaya nan take, domin zafi yana tsaga dutse yana kuma kashe daimon. Idan kusurwa ta yi daidai jiya yau ta ƙaru, a duba kaurin falle: dutse yana kife, ƙarin milimita 2 a kauri yana ɗaga ƙugu ya ƙara kusan digiri ɗaya da rabi a taya mai inci 6.

Taurin dutse ma yana sauya tsarin. Agat da jasfa, masu tauri 6 da rabi zuwa 7 a ma'aunin Mohs, suna jure tayar 80. Ofal, da fairuz, da malakayit mai tauri 3 da rabi zuwa 4, da obsidiyan wanda gilashi ne na dutsen aman wuta, da 220 ake fara su. 80 za ta ci su kafin ka ankara, ko ta farfasa gefen. Ofal da fairuz ba sa son zafin kaki, a liƙa su da sufa gulu ko ifoksi. Duwatsun da ba su kai milimita 10 ba kuwa kada a riƙe su da yatsu a kan tebur, a liƙa sanda a baya tukuna, a kife su, a riƙe sandar a tsaye ba tare da an jingina ta ba.

Ƙurar agat, jasfa da duk dangin kwaz silika ce, shaƙarta tana jawo ciwon huhun da ba ya warkewa, ƙurar malakayit kuma tana ɗauke da tagulla. Kada a wasa a bushe, kuma a share laka tun tana jiƙe. Inji mai ruwa a haɗa shi ta na'urar da ke yanke wuta idan ta zube, a naɗe hannun riga, kuma ba a sa safar hannu kusa da taya mai juyawa.

Kafin a miƙa dutsen, a gwada shi a gidansa da zare a shimfiɗe a ƙarƙashi, bakin zaren biyu a waje, don a iya ɗago shi idan ya maƙale. Ya kamata ya shiga da ɗan turi na yatsa, ya zauna ba rausaya, katangar kuma ta wuce layin ƙugu kaɗan a duk zagayen. Idan ya maƙale a wuri ɗaya, a shafa maka a gefen baya a sake sakawa, inda tawadar ta goge nan ne za a taɓa a tayar 600.